Ƙararrawar Baba da ejan mai shan taba

Shekara da shekaru, ƙararrawar majami'armu a Kafanchan guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a bishiyar mangwaro. Babana ke buga shi da guduma, tun yana leburan reluwe har ya yi ritaya. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ja igiyar ƙararrawa ta gaske kafin Ubangiji ya kira shi.

Ana nan, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, wata tsohuwar baturiyar mishan da ta koma ƙasarsu ta aiko mana da kyautar ƙararrawa ta jirgin ruwa. Wasiƙarta ta zo da wata takarda mai hatimi, takardar lodin jirgi, ta ce mu nemi ejan da zai fitar mana da kayan daga kwastan a Legas. Ni malamar firamare ce a lokacin, kuma magatakardar kwamitin dattawa saboda kyan rubutuna. Aikina rubutu ne, ba magana ba, kuma ga mai baki irin nawa wannan horo ne.

Mutum biyu aka kawo. Na farko shi ke fitar wa 'yan kasuwa citta zuwa ƙasashen waje. Ya shigo, ya yi gaisuwa ɗaya tak, ya zauna kafin a ce ya zauna, ya ce, "Ina takardar lodi?" Ya ajiye lasisinsa a tebur, amma ba wanda ya kalla, don idanun dattawa duk suna kan kwalin taba da ke leƙowa daga aljihun rigarsa.

Baba, wanda shi ma yana cikin dattawan, ya ce, "Kai yaron wane ne? An yi maka baftisma?"

Mutumin ya ce, "Baba, a tashar jirgi ba a tambayan wannan."

Da ya fita Baba ya yanke hukunci. "Mutum bai tambayi lafiyan iyali ba, ya fara tambayan takarda. Kuma bakin da yana shan taba ba zai yi magana a kan ƙararrawan Allah ba."

Na biyu ɗan Kagoro ne, tsohon shugaban mawaƙa, yana akawu a wani kanti a Legas. Gaisuwarsa kaɗai ta ci rabin awa, har gonar accan kowa sai da ya tambaya. Dattawa suka bincike shi yadda muke bincikar mai neman aure ko wanda za a naɗa dattijo: matarsa nawa, yana shan burkutu, wa ya san kakansa. Ya ci jarrabawa tas, ya rufe da addu'ar da ta sa matar Fasto hawaye daga bakin taga. Na ɗaga hannu zan tambaya ko ya taɓa taka tashar jiragen ruwa. Fasto ya ce, "Malama, rubuta." Na rubuta, alƙalami na kusa huda takarda.

Ita kuwa takardar lodi, dattawa suka ga ta fi ƙarfin shiga jirgin ƙasa, kada ta ɓace a hanya. Aka kulle ta a akwatin ƙarfe tare da littafin baftisma da kofunan jibin Ubangiji. A madadinta aka ba ejan namu wasiƙar shaida cewa shi Kirista ne na kirki. Shi ma bai nemi takardar lodin ba, ya karɓa da hannu biyu.

Kirsimeti ya wuce, Ista ya wuce. Kowane wata wasiƙarsa na zuwa, rabi labarin yawan jirage a bakin teku, rabi ayoyi a kan haƙuri. A nan gida hannun Baba na dama ya fara rawa, guduma tana kufce masa. Ran nan ina share ɗakinsa na ga sabuwar igiya a naɗe ƙarƙashin gado, ashe tun zuwan wasiƙar farko ya saya. Na zauna a ƙasa na yi kuka, daga nan kukan ya koma haushi.

Lokacin citta na iske mai shan taba a tasha yana duba lodin buhuna. Da na ba shi labari ya yi dariya har ta zame masa tari.

"Malama, in ba wannan takarda, ko bishop ya je ba za a ba shi ba."

Na je wurin matar Fasto na karɓi makullin akwatin, wai zan shigar da sunayen sababbin baftisma. Na shigar da su kuwa, don kada ƙaryar ta yi yawa, sannan na soke takardar lodin a zanina na kai wa mai shan taba. Sata ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Kafin ruwan fari ƙararrawa ta iso a taragon kaya. Ba mu da hasumiya, sai aka kafa mata katako kusa da mangwaron. Ran Lahadi Baba ya ɗaura igiyarsa, ya kama da hannu biyu ya ja. Ya ja har Fasto ya aiko a ce masa mutane sun riga sun cika majami'a. A cikin sujada aka yi godiya ta musamman ga ɗan Kagoro, aka ce addu'arsa ce ta buɗe tasha, zumuntar mata kuma ta aika masa da buhun acca. Na cije leɓe har aka tashi.

Da yamma dai na kasa riƙewa, na faɗa wa Baba komai, har da makullin. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa inda igiyar ta yi masa ja.

"Ki rubuta ma mutumin nan, ki ce tsoho ya gode. Ki sa a ƙasa, ya bar shan taba."

Na rubuta duka biyun. Damina ɗaya Baba ya samu yana jan igiyar, bai fasa ko Lahadi ɗaya ba. Ranar jana'izarsa ni na roƙi Fasto a bar ni in ja, kuma wannan karon bai ce mini in rubuta ba.