Ranar da Ƙafar Kawu Tela Ta Ba Shi Kunya

Har yau in aka ambaci Kawu Tela a layinmu, sai wani ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Wanda ya toshe wandon Malamin Lissafi?" Shi ne kuwa. Sabon wando aka kawo a rage masa tsawo, ya tashi da ƙafa ɗaya a ɗinke ruf kamar bakin buhu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Tun ina yaro yake shagon nan mai ƙofa ɗaya, tef a wuya, allura soke a hula, rediyo rataye a ƙusa. Shi bai iya waƙa ba, ko yaro ba ya rarrasuwa da muryarsa, amma duk layin shi ne alƙalin mawaƙa. Da yamma bencinsa cika yake. Mai Guga da Direba da duk wanda ya rasa abin yi su jera mawaƙa daga na ɗaya zuwa na goma, su rushe, su sake, har jijiyar wuya ta tashi.

Ma'aunin Kawu ɗaya ne, ƙafarsa. "Ku bar mini zancen cika fili da jama'a," in ji shi. "A sa waƙa ina kan keken ɗinki. In ƙafata ta bi kiɗan da kanta, mawaƙi ne. In ta tsaya, mai surutu ne." Da haka ya ɗora Tsoho Mai Jita a sama shekara da shekaru, ya jefa wata matashiya da ake yayi, wadda suke kira Siririya, can ƙasan kowa. Ya rantse ko babban yatsansa ba zai motsa mata ba.

Ran nan Mai Guga ya ce, "Kawu, ka taɓa jin ta kana kan keke kuwa? Ko hukuncin zaune ka yanke?"

"A sa! Yanzun nan a sa!"

Direba ya zaro waya, ya kunna waƙar Siririya. Kawu ya shimfiɗa ƙafar wandon Malam a ƙarƙashin allura, ya haɗe rai, ya kafe sawunsa kamar an buga masa ƙusa. Baitin farko ya wuce, ƙafa ba ta motsa ba. Ya dube mu yana murmushin nasara. Sai amshi ya shigo, ganga ta faɗo a kan amshin.

Jama'a, keken nan ya ɗauka! Kacakacakaca! Ƙafa na tafiya, kafaɗa na taya ta, hula ta karkace. Mai Guga ya haye benci yana ihu, "Ta bi! Wallahi ta bi!" Direba na dukan ƙofa. Kawu bai farga ba sai da waƙa ta ƙare, ya ɗaga wando ya ga ba ta inda ƙafa za ta fito. Malamin Lissafi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ya zo karɓa.

Kawu ya farke ɗinkin ya gyara, amma bai matsar da Siririya ko taki ɗaya ba.

Kwanan baya na tsokane shi. "Kawu, ai ma'auninka ne ya yi magana. Ta zama ta ɗaya ke nan?"

Ya lasa zare, ya zura a allura, sannan ya ɗago.

"Kai yaro ne, ɗan yayata. Wa ya ce maka rawa ƙafar take? Sauri take ta gama aikin in tashi in kashe wayar."