Hannuwan Uwar Kwalabe

Ƙarfe shida da rabi, kafin maigadi ya gama sharar bakin get, Uwar Kwalabe ta riga ta shiga ɗakin gwaji. Tagogi take fara buɗewa don warin jiya ya fita. Sai ta bi famfunan gas ɗaya bayan ɗaya tana murɗawa, ko da kuwa ita ta rufe su da hannunta jiya da yamma. Daga nan ta zura tsohuwar farar rigarta da asid ya yi wa huji-huji, ta tsaya gaban kwamin wanki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan tsayuwar. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, domin ko ɗan waye kai, ranar da ka fasa mata kwalba sai ka gwammace bulala da kallon da za ta yi maka. A takardar aiki ita ba malama ba ce. Mai kula da ɗakin gwaji ce, aikinta ta wanke, ta jera, in an tashi ta kwashe. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, shi ya sa yau muke jinjina mata.

Masu yabonta suna da yawa, amma shaidar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga bakin wanda ya fi kowa ƙyashinta, wato shugaban sashen kimiyya, wanda yara ke kira Furofesa ko da yake bai kai can ba. Shi da kansa ya ce a faɗi komai, kada a rage masa ko kaɗan. To, ba za a rage ba.

Abin ya faro ne shekara huɗu da suka wuce. An mayar da wata malamarmu wata makaranta mai nisa, inda ɗakin gwajin suna ne kawai, ba kwalba, ba sinadari. Ta bugo wa Uwar Kwalabe waya kamar za ta yi kuka, ta ce yaranta za su shiga jarrabawar fita ba su taɓa ganin bututun awo da idonsu ba. Washegari, bayan an tashi, Uwar Kwalabe ta maƙala wayarta mai tsagaggen gilashi a jikin ƙarfen da ake ɗaure bututu, ta karkato ta ƙasa. Ba a ganin fuskarta, sai teburi da kwalabe da hannuwa biyu, na hagun da wani tsohon tabon ƙuna. Sakataren makaranta ya nuna mata yadda ake ɗorawa a intanet. Sau ɗaya ya nuna, ba ta sake nemansa ba.

Salonta daban ne. Kullum da ɓarna take farawa. Za ta riƙa ɗiga asid cikin kwalba, da gangan ta saki famfon ya zarce, ruwan ya rine gaba ɗaya, sai ka ji muryarta a hankali: "Ka ga, haka za ka yi ranar jarrabawa in hannunka na rawa." Sai ta zubar, ta wanke, ta sake daga farko, ɗigo-ɗigo, har launin ya juya daidai inda ake so. Minti biyar ta gama, don ta san data ba a banza yara ke samunta ba. Malamar nan ta tura wa wata, ita kuma ta tura wa wani. Kafin shekara ta zagayo, malaman da ba su taɓa jin sunan makarantar ba suna haɗa yara arba'in a kan waya ɗaya suna kallon hannuwan nan.

Uwar Kwalabe, ke ce kika gane cewa yaro ba ya tsoron gwaji, tsoron ɓatawa yake yi. Shekara talatin kina kwashe ɓarnar ɗalibai daga kan tebura, ashe karanta ta kike yi. Malamai suna gyara takarda su ga amsa ba daidai ba. Ke kuwa a gindin kwalba kike ganin inda hannu ya kuskure.

Furofesa da farko dariya abin ya ba shi. Da ya ga abin na yaɗuwa, sai dariyar ta ɗauke. Shi ne mai digiri biyu. Shi ne ya yi shekara ashirin da biyu yana cin ƙurar alli har muryarsa ta dushe. Kuma a ce mai wankin kwalba ce ake nema? Ya sayi sabuwar waya, ya sa kwat, ya tsaya gaban allo ya zuba bayani na minti arba'in, turanci kamar ruwan sama. Bayan wata guda ya duba, mutum goma sha tara suka kalla, kuma shi ya san shida daga ciki shi ne. Tun daga nan in ya shiga ɗakin gwaji sai ya nemi abin faɗa. Yau teburi da ƙura, gobe gas na ƙarewa da wuri.

"Yaya," in ji shi wata rana, don ta girme shi kuma haka yake kiranta, "wannan sinadarin da kike ƙonawa a waya, na makaranta ne fa."

"Ragowar na aji ne, Malam, wanda za a zubar."

"To, a dai riƙa lura."

"Ana lura, Malam."

Ya fita yana jin haushin kansa, wanda ya fi haushinta ciwo.

Wadda ta ƙarasa shi kuwa 'yarsa ce ta cikinsa, autarsa da ke ajin ƙarshe. Wata Asabar da hantsi ya shigo falo ya same ta a kan kujera da wayar uwarta, ta ƙura ido. Sati uku yana zaunar da ita a kan wannan darasin, har ya taɓa buga teburi. Yarinyar ta ɗago fuska fal murna.

"Baba, wallahi yanzu na gane! Ashe sai ka sunkuya idonka ya yi daidai da ruwan kafin ka karanta awon."

"Ban gaya miki haka ba?"

"Ka faɗa, Baba. Amma ita ta nuna abin da ke faruwa in ba a yi ba."

Matarsa tana ninke kaya a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ai sai ka gode wa Allah, Baban yara. Ko so kake ta faɗi don dai kai ka koyar?" Ya shige ɗaki, abincin rana ma cewa ya yi ya ƙoshi.

Ana saura sati uku Uwar Kwalabe ta ajiye aiki sai ga wasiƙa daga ƙungiyar malaman kimiyya, da sunan ofishin Furofesa a bayan ambulan. Sun ce darussan nan sun ceci makarantu da yawa, suna so su karrama wanda ya tsara su a babban taronsu, su kuma ɗora su a shafinsu da sunansa. A aiko musu da suna da hoto. Yadda aka rubuta wasiƙar, a fili yake sun ɗauka shi ne ƙwaƙwalwar, hannuwan kuwa na wata mai taimaka masa ne.

Ya karanta sau uku, ya jefa a durowa ya kulle. Bai gaya wa shugabar makaranta ba, bai gaya wa matarsa ba. Zuciya ta riƙa kawo masa hujjoji, kuma hujjojin ba su da muni. A sashensa aka yi. Da kayan sashensa aka yi. Rabin abin da take faɗa ma a bakinsa ta ji, tana tsaye a bayan aji da tsumma a hannu. Ita da za ta tafi gida ta huta, me za ta yi da taro? Har ɗakin hoto ya je, da kwat ɗin nan, aka ɗauke shi yana murmushin manya. Ya kawo hoton ya ajiye kan wasiƙar, ya sake kullewa. Kullum da safe sai ya buɗe ya kalla, ya kasa aikawa, ya kuma kasa yagawa.

Ranar Alhamis, jajibirin tafiyarta, ya zura wasiƙar a aljihu ya nufi ɗakin gwaji bayan an tashi. Ya ce zuwa ya yi don ya ji ta bakinta, amma gaskiya so yake ta sauwaƙe masa. Ya same ta ta maƙala waya tana shirin ɗaukar darasi na ƙarshe.

"Yaya, waɗannan abubuwan naki, ai dai aikin sashe ne, ko?"

"Haka ne, Malam."

"Ina nufin, da wani zai tambaya wa ya yi, in aka ce sashe, ba a yi ƙarya ba."

"Ba a yi ba. Miƙo min tsumman nan don Allah."

Ga shi ta ba shi abin da ya zo nema, a arha. Ya miƙa tsumman, ta sa hannun hagu ta karɓa, idonsa ya sauka a kan tabon. Ya san tabon nan. A darasinsa aka yi shi, shekararsa ta biyu da fara aiki. Ya fita amsa kira ya bar yara da kwalbar asid a buɗe, wata yarinya ta ture ta da gwiwar hannu, Uwar Kwalabe ta cafe ta kafin ta kife a cinyar yarinyar. Da aka zo bincike, cewa ta yi kwalbar ce ta suɓuce mata wajen jerawa. Shekara ashirin ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma ya yi kamar ya manta. Wannan tabon ne dubban yara ke gani kullum a waya. Ya tsaya riƙe da bakin teburi har ta ce, "Malam, inuwarka na shiga hoton." Ya matsa.

Ranar Juma'a aka taru a ɗakin malamai. Lemon kwalba, biskit, jawabin shugabar makaranta na minti uku. Aka ba Uwar Kwalabe agogon bango a kwali, aka ce ta yi aiki da gaskiya, ba ta taɓa makara ba. Ba wanda ya ambaci waya. Har an fara jan kujeru sai Furofesa ya miƙe, ya zaro takardar da ta yi laushi don ninki, ya karanta ta daga sama har ƙasa. Ɗaki ya ɗauki tafi, wasu har sun fara cewa, "Furofesa! Sai kai!"

Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, ya juya gaba da baya.

"Ku dube su da kyau. Akwai tabo?"

Tafin ya tsaya.

"Sati uku wasiƙar nan tana durowata. Har hoto na ɗauka, ga shi, ku ga abin kunya. Ba da shawarata aka yi darasi ko ɗaya ba. Abin da na sa a ciki shi ne faɗan gas. Kuma tabon da ke hannunta, ni na jawo shi, ita ta rufa min asiri." Ya juya wajenta. "Yaya, yau da safe na aika musu sunanki. Ba zan ce miki ƙyashin ya tafi ba, yana nan. Amma naki ne."

Uwar Kwalabe ta daɗe tana kallon agogon da ke cinyarta. Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Na san da wasiƙar, Malam. Sun kira lambar da ke shafin darussan tun wancan makon. Na ce musu su jira, shugabana zai aiko."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Amma tunda ka tashi biyan laifi," ta ce, "akwai darussa tara da ban yi ba, ga shi yau zan miƙa makulli. In za ka riƙa buɗe min ranar Asabar, sai mu yi tare. Dama na gaji da yin ɓarnar da kaina. Kai ka yi ɓarnar, ni in yi gyaran."

Dariya ta ɓarke, shugaba har da riƙe ciki. Furofesa ma ya yi, ko da yake tasa ta ɗan makara.

Uwar Kwalabe, mai hannu da shaida, mun gode. Ke ce kika wanke abin da wasu suka ɓata ba ki taɓa kai ƙara ba. Ke ce kika buɗe ƙofar ɗaki ɗaya, yaran da ba za ki taɓa gani ba suka shigo. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya saka miki da abin da agogon bango ba zai iya ba. Ku kuma da ke da wani abu a hannu, ko a ofis ko a gareji ko a bayan aji, kada ku jira sai an ba ku allo. Ku maƙala wayar ku nuna. In kuma akwai wasiƙar wani a durowarku, ku fito da ita tun mai ita yana nan.

Jiya Asabar aka ɗora sabon darasi. Hannuwa huɗu ne yanzu a kan teburin. Biyu masu santsi suka fara, suna ɗan rawa, suka saki famfo ruwan ya rine. Sai aka ji muryarta: "Kun ga, har manya yana faruwa da su." Autar Furofesa ta kalla a falo, ta gane zoben babanta, ta ƙwala wa uwarta kira. Shi kuwa yana ɗaki yana duba yawan masu kallo. Sun haura dubu kafin azahar, kuma ya rantse wannan karon sau biyu kawai ya kalla.