Bazarar Sanƙarau a Ikara

Shekara ta biyu ce ko ta uku bayan an sauke tutar Turawa, ba zan rantse ba, amma bazarar kam na riƙe ta sarai. A lokacin ina aiki a asibitin sha-ka-tafi na Ikara, ni ne mai wanke gyambo da raba ƙwayoyi. Da yake na yi babbar firamare a Zariya, duk ranar da baƙon da ba ya jin Hausa ya zo, ni ake turawa gaba in yi tafinta. Turancina na aji ne, wanda aka dasa mana da bulala, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda ya kamata.

Daga wajen Malikanchi ciwon ya ɓullo. Aka ce wasu yara 'yan gida ɗaya sun kwana da ciwon kai, gari ya waye wuyansu ya sandare, kafin la'asar an kai su makwanci. Tsofaffi suka ji labarin, suka dubi juna, ba wanda ya so ya fara kiran sunan abin. Zafi kuwa ya kai inda ko kaji sai su buɗe baki su lafe a gindin rumbu. Ba a jima ba aka fara shigo mana da mutane a kan jakuna, kai a ƙage baya, idanu a rufe don ba sa son haske. Hukuma ta sa aka kafa rumfunan zana a bayan gari, ƙarƙashin wasu ɗorawoyi, aka ce duk mai sanƙarau can za a kai shi. Aka mai da ni can.

Likitan da aka turo mana daga Zariya wani dattijon Bature ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. A jif yake zuwa, ya yi mana wuni ko kwana, ya wuce Makarfi da Kudan inda su ma aka kafa irin rumfunanmu, sannan ya zagayo. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Saboda haka duk maganar da ta fito daga bakinsa zuwa ga dangin mara lafiya ta bakina take bi, haka ma amsarsu.

Tambayarsa ta farko kullum ɗaya ce: “Since when?” Wato tun yaushe. Mutanenmu kuwa ba sa lissafi da kwanan wata. Wani ya ce tun ranar kasuwar Makarfi, wata ta ce tun da aka yi suna a gidan liman, wani ya ce tun da suka gama matsar rake. Ni zan tsaya in mai da wannan kwanaki a kaina, in ba shi. Na daɗe ina haɗa since da adadin kwanaki, sai ran nan, yana duƙe yana tura allura a gadon bayan wata yarinya, ya gyara mini ba tare da ya ɗago ba. Ya ce since tana son ranar da za a iya nunawa da yatsa, kamar Juma'a ko jiya, in kuwa yawan kwanakin zan faɗa, for ce abokiyarsu. Ruwan da ya zuƙo daga bayan yarinyar ya fito fari-fari kamar ruwan gasara. Ya ɗaga shi a haske ya duba. Ban sake yin wannan kuskuren ba.

Wata rana dagaci ya zo ya tsaya nesa da rumfunan, ya ce in tambayi likita yaushe abin zai lafa. Likita ya dubi sama, wadda ta yi fari fat ba ko ɗigon gajimare, ya ce, “Not until the rains.” A makaranta an koya mana until ita ce har. Amma da na ji an sa mata not a gaba, sai na ga har ba za ta ɗauki nauyin maganar ba. Na ce wa dagaci, “Ranka ya daɗe, ya ce sai ruwa ya sauka.” Daga ranar mutanen gari suka shiga duban gabas safe da yamma.

Akwai kuma as soon as, wadda ya fi nanatawa. Ita ce da zarar. Yakan aike ni a keke zuwa Furana da ƙauyukan kewaye in gaya wa masu unguwanni cewa da zarar mutum ya ce kansa na sara, wuyansa na nauyi, a ɗauko shi, kada a jira gobe. Su saurara, su ce to madalla, Allah ya saka. Amma magana ta riga ta bazu cewa wanda aka kai rumfunan zana ba ya dawowa, kuma Bature yana tsiyaye wa mutane ruwan baya. Sai a ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki, a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, a ba shi rubutu, sai ya daina gane mutane sannan a aza shi a jaki.

A kan irin waɗannan na fara jin by the time. Ni dai by ɗin da na sani ita ce kusa da, kamar a ce kusa da kogi, na kuwa rasa yadda mutum zai tsaya kusa da lokaci. Likita yakan miƙe daga kan wanda aka kawo a makare, ya goge hannunsa, ya ce, “By the time they bring them,” wani lokaci ya ƙarasa, wani lokaci ya bar ta a rataye. Ba wanda ya fassara mini ita. Yawan jin ta a kan mutanen da ake lulluɓewa ne ya koya mini cewa nufinsa, kafin a kai ga kawo su aikin gama ya gama.

Yayana, wanda shi ne ɗan farin innarmu, manomin rake ne a wata fadama tsakaninmu da Makarfi. Yana da injin matse rake da doki ke jujjuyawa, kuma mazarƙwailarsa ta yi suna. Ƙato ne, mai dariya da ƙarfi. Wani hantsi ina tafasa allurai sai na hango jaki tafe, mutum a kwance a kansa ana tallafe da shi, mata biyu a baya. Tafiyar inna na fara ganewa. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban jama'a. Ganin ta biyo shi da ƙafa har nan ya sa na ajiye alluran na nufe su da gudu.

Muka shimfiɗa shi a tabarma. Jikinsa kamar garwashi, haƙoransa a datse, ƙeyarsa duk shatin ƙaho. Likita yana nan ranar. Ya durƙusa, ya gwada tanƙwara wuyan, ya ƙi. Ya yi tambayarsa ta kullum. Na juya na tambayi inna tun yaushe, ta kau da kai ta ce tun jiya. Matar yaya tana bayanta, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali tun ranar kasuwar da ta wuce ne. Inna ba ta musa ba. Na gaya wa likita ranar kasuwar.

Ya dube ni, ya dubi matan. Ya buɗe baki ya ce, “By the time,” sai ya tsaya. Ya tambaye ni ko na san su. Na ce wana ne, waccan kuma mahaifiyata. Ya haɗiye sauran maganar, amma ni na riga na san ta.

Ya yi masa allura da hannunsa. Sannan ya ce dole ya wuce Kudan, don an aiko masa cewa rumfunan can sun cika. Ya nuna mini alluran da suka rage, ba su da yawa, kuma ba yaya kaɗai ke buƙatarsu ba. Ƙwayoyi ne muke da su a wadace, su kuwa sai mai iya haɗiya. Ya ce, “If he swallows by tomorrow evening, he has a chance.”

Inna ta matso ta ce, “Auta, me ya ce?”

Na ce ya ce in ya haɗiyi ruwa zuwa gobe da yamma, akwai sa rai. Ta ce ba ta gane ba, sai gobe da yamma zai haɗiya, ko kuwa daga gobe da yamma an fid da rai? Na ga ni ma ban tabbata ba. Na bi likita har bakin jif na tambaye shi. Ya ce ko yanzu ya haɗiya ya yi, ko gobe da safe, duk ɗaya ne, amma kada yammar gobe ta wuce bai yi ba. Na dawo na ce wa inna nan da gobe da yamma ne, iyakar ke nan. Ta ce Allah ne mai iyaka. Ta je ta zauna a gindin ɗorawa, ta juya wa rumfar baya.

Kashegari ta zo da zafin da ya fi na kullum. Ina da marasa lafiya cike da rumfuna, ina bin su da ƙwaya da ruwa, amma duk zagayen da na yi sai na biyo ta kan yaya. Matarsa ta daka ƙwayar a ludayi, ta dama da ruwa, tana ɗiga masa a gefen baki, yana gangarowa ta kumatu ya jiƙa tabarma. A rumfar da ke kusa wani makiyayi ya cika da hantsi, danginsa suka ɗauke shi ba kuka, suka bi ta gaban inna da shi. Da azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa zana, mutane suka fito suna kallo. Ya tsaya can ya yi ta gurnani, sannan ya watse ba ko yayyafi. Zafin ya dawo ya danne mu.

Inuwar ɗorawa ta fara miƙewa gabas. Na yi la'asar ban san abin da na karanta ba. Da na dawo sai na tarar inna ta bar gindin itacen, ta shigo rumfar, ta karɓi ludayin daga hannun surukarta. Ta ɗora kansa a cinyarta, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo, tana shafa maƙogwaronsa da yatsa tana ɗiga ruwan. Rana ta yi ja. Ina tsaye ina kallon wuyansa, sai na ga maƙogwaron ya motsa sama ya dawo. Matarsa ta toshe bakinta da mayafi. Inna ta sake cika ludayin.

Ya rayu. Da likita ya zagayo ya tarar da shi a jingine yana shan kunu, ya tafa hannu a bayan kan yaya, yaya bai waiga ba. Ya sake tafawa kusa da ɗaya kunnen. Sannan ya ce mini ciwon ya tafi da jinsa, kuma ba ya zaton zai dawo. Na faɗa wa inna a Hausar da ta fi sauƙi da na samu. Ta ce da ta kawo shi ranar kasuwar fa? Ban kai wa likita wannan tambayar ba, ita ma ba ta sake yin ta ba.

Ruwa ya sauka bayan wasu makonni, masu zuwa suka ragu, har aka wayi gari ba kowa, muka cinna wa rumfunan wuta. Yaya ya koma fadamarsa. Wurin injin ya gagare shi, don ba ya jin ƙarar da take nuna rake ya cushe, ba ya jin kiran mai korar doki, har ya kusa rasa yatsu. Sai ya bar wa ƙanin matarsa nan, ya koma bakin kaskon dahuwa, inda ido da hanci ke aiki. Muryarsa ta ƙara ƙarfi da shekaru, har yara suna tsorata in ya gaishe su. Inna ta tattara kayanta ta koma gidansa da zama, a can ta ƙare kwanakinta.