Wanda Ya Ce Ya San Mizhir

Najiya mai gasa gurasa ce a Basra. Ɗanta Mizhir ya tafi yaƙin Iran cikin sojan ƙundumbala, ko gawarsa ba a kawo mata ba.

Bayan yaƙi wani Jabbar ya zo ya ce rundunarsu ɗaya, a kan cinyarsa ma Mizhir ya cika. Tun daga nan duk Juma'a takan dafa masa shinkafa da kifi, yana ci yana ba ta labarin ɗanta.

Ƙanenta Falih bai yarda da shi ba. Ya nemo wani gurgu da ya yi rundunar da gaske, ya haɗa shi da Jabbar shan shayi a gaban Najiya.

Gurgun ya ce, "Wa ya jagorance ku a fagen daga na Fao?"

Jabbar ya kama in'ina.

Gurgun ya ce, "Kai ko takalmin soja ba ka taɓa ɗaurawa ba!"

Jabbar ya sulale. Najiya ta dubi gurgun. "To kai, ɗana, ka san Mizhir?"

"Wallahi Hajiya, ban san shi ba. Muna da yawa."

Har ta rasu ba ta ƙara yi wa Falih magana ba.