Neman Lauya Kan Gidan Baba

Shekara goma sha huɗu muka yi muna haya a gidan Baba kafin maganar sayensa ta taso. Gidan yana Fagge, can ƙarshen layi, inda in ka tsallaka titi ka shiga Sabon Gari. Sashe biyu ne: mu muna na baya, Baba da matarsa, wadda kowa ke kira Mama, suna na gaba. Kiristoci ne 'yan kudancin Kaduna, shi tsohon malamin makaranta ne. Mu kuwa kakanninmu daga Borno suka zo, amma ni da maigidana duk a Fagge aka haife mu. Shi yana da shagon shadda a kasuwar Kwari, ni ina haɗa turaren wuta da humra a gida.

Wata Lahadi bayan sun dawo daga coci, Baba ya kira mu ya ce sun yanke shawarar komawa garinsu. 'Ya'ya duk sun watse, ƙafafunsa kuma sun fara gajiya. Ba ya son dillali ya kawo masa baƙo, in muna so mu ne a gaba. Cikin kwana uku aka gama ciniki, ba wanda ya ɗaga murya.

Maigida ya ce to, sai a kira mai unguwa da shaidu a rubuta takarda. Baba ya girgiza kai.

"Za a kira su, amma ku nemo lauya. Kuma kada ku ɗauki nawa. Naku za ku nema, wanda zai tsaya muku ku kaɗai."

"Haba Baba, tsakaninmu da kai?"

"Ni da kai ai mun san juna. Jikokina da naka ne ba su sani ba."

Lokacin azumi ya gabato, kasuwa ta buɗe, maigida ba shi da halin barin shago. Sai ya ce ni na je, tunda na fi shi bakin tambaya. Ban taɓa taka ofishin lauya ba a rayuwata. A tunanina wurin masu rigima ne, har na riƙa jin kunyar kada wata maƙwabciya ta gan ni ina shiga.

Lauya na farko abokin maigida ne ya haɗa mu da shi, a wani bene kan titin Ibrahim Taiwo. Ofis ne mai kyau, ga sanyi, ga kujerun da mutum ke nutsewa a ciki. Ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai na miƙa masa kwafin takardun gidan ya ajiye a gefe bai buɗe ba, ya ce abu ne mai sauƙi, jibi a zo a sa hannu. Rabin maganarsa Turanci ne. Da na tambaye shi me zai duba kafin jibin, sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ki turo Alhaji mu yi magana." Na yi godiya na karɓi takarduna. A cikin adaidaita sahu ina ta tunani, in mutum bai iya fahimtar da ni ba tun kafin a fara, ranar da matsala ta taso ina zan sa kaina?

Washegari na je wajen wani dattijon lauya a Sabon Gari, wanda Mama ta ce ya taɓa fitar da ɗan maƙwabciyarsu daga hannun 'yan sanda. Wannan ya saurare ni har na gama, sannan ya cire tabarau ya ce, "'Yata, ni aikina tsayuwa a kotu ne. Rabona da takardar gida an daɗe. In na karɓa zan yi, amma akwai wadda ta fi ni." Ya yi mini kwatancen wata lauya kusa da Bata, ya ƙara da cewa duk wanda na je wajensa na tambaye shi abu uku: ko zai je ya ga gidan da idonsa, ko zai bincika a ofishin filaye, da kuma ko zai faɗa mini ladan aikinsa tun daga farko. Har yau ina yi wa dattijon nan addu'a, ga shi ko ruwa bai sha a hannuna ba.

Ofishinta sai da na wuce masu sayar da takalma da wani mai gyaran waya kafin na sami matakalar. Ɗaki ne ƙarami, fanka tana juyawa, hayaniyar Bata tana shigowa ta taga. Ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ban ma kai ga tambayoyina ba ta karɓi takardun ta fara karantawa, shafi bayan shafi, tana bin layi da bayan biro. Can ta ɗago.

"Hajiya, wanda zai sayar muku mutum ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya ne, Barista. Baba."

"Ga suna biyu a nan."

Ta juyo takardar ta nuna mini. Na biyun sunan ƙanen Baba ne, wanda ya rasu tun kafin mu shiga gidan. Hotonsa kawai na sani a bangon falonsu. Da Hausa tsantsa ta yi mini bayani, cewa a takarda rabin gidan na mamacin ne, yanzu kuma na magadansa, kuma in ba su sa hannu ba, rabin gida muka saya ko da mun biya kuɗin duka. Ta faɗi ladan aikinta ba tare da na tambaya ba, ta ce na je na yi shawara da maigida, kada na amsa a nan. Tun ina kan matakala na san na gama zaɓe.

Abin da ya dame ni shi ne yadda za a tunkari Baba. Mutumin da ya ƙi dillali saboda mu, yanzu mu koma muna tuhumar takardarsa? Na faɗa mata damuwata a waya. Ta ce na bar mata, ai aikin da muka ɗauke ta ke nan.

Ta zo ranar Asabar da hantsi. Sai da ta zaga gidan ciki da waje, ta duba katangar da muka haɗa da maƙwabta, ta tambayi inda ruwan kwata yake bi. Sannan ta durƙusa ta gaida Baba, ta zauna a kujerar roba kusa da shi.

"Baba, na ga sunan marigayi ƙaninka a takarda."

"Tare muka sayi filin. Da zai koma Zariya ya bar mini nasa."

"An rubuta?"

"Ƙanina ne. Me za mu rubuta?"

"Na yarda da kai, Baba. Takardar ce ba ta ji lokacin da ya faɗa ba."

Ni dai na kasa ɗaga ido. Mama ce ta fara magana, ta ce matar marigayin tana nan da ranta a Zariya, kuma a gabanta aka yi. Baba ya ce shekara nawa bai neme ta ba, sai yanzu da buƙata ta kama? Mama ta ce ai gara yanzu da a ce ba a nema ba sam. A nan gabanmu ya sa aka kira ta. Na ji muryarsa ta canza da suka koma yarensu, sai na tashi na shiga sashenmu na ba su wuri.

Bayan sati biyu matar ta zo da manyan 'ya'yanta biyu. Na yi zaton za a yi ja-in-ja, har na kasa karyawa da safe. Ashe ita tun a mota take cewa mijinta ya daɗe da barin rabonsa, abin da ya kawo ta shi ne ta ga gidan da aka kawo ta tana amarya. Ta shiga ɗakin da nake ajiye kwalaben humra ta ce nan ne ɗakinta na farko. Duk da haka Barista ba ta yi gaggawa ba. Ta karanta musu takardar da Turanci, ta maimaita da Hausa, ta tambayi kowane ɗa shi kaɗai ko ya amince. Akwai ta uku a 'ya'yan tana aure a Jos, aka kira ta a waya, kuma Barista ta ce ba za a rufe maganar ba sai sa hannunta ya iso. Ya iso bayan kwana biyar.

A tsakar gida aka yi zaman ƙarshe. Mai unguwa ya zo, maigida ya rufe shago rabin yini, abin da ban taɓa gani ba ana gab da azumi. Mama ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa, ni na yi ɗanwake. Maigida ya sa hannu, na miƙe zan kawo ruwa, sai Barista ta ce na dawo, ai akwai layina. Tun farko ta tambaye shi sunan wa za a sa, ya ce na mu biyu, bai faɗa mini ba. Na dawo na karɓi biro na sa hannu.

Sauya suna a ofishin filaye ya ɗauki watanni. Duk inda aka kai sai ta kira ta faɗa mini, ko da abin da za ta ce shi ne ba a kai ko'ina ba tukuna. Su Baba sun tashi bayan babbar salla, da mota ɗaya ta kaya. Mama ta bar mini turminta da tukwanen fulawa da ban san sunansu ba, ina dai ba su ruwa, suna ta yaɗo. Sashen gaba yanzu nan nake karɓar masu sayen turare, kuma da yawansu har gobe in suna yi wa wata kwatance, gidan Baba suke cewa.