Wasiƙa a Cikin Kwanon Kawu

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, kuma na so in yi wannan rubutu hankali kwance. Hakan bai samu ba. Makonni uku da suka wuce ina hawa matakalar tashar jirgin ƙasa a unguwar Woolwich ta London, sai na ji zuciyata ta tsallake bugu ɗaya, ta yi shiru, sannan ta kama fat-fat kamar an rufe tsuntsu a kwali. Na riƙe ƙarfen gefe. Abin da ya fara faɗo mini shi ne, a kan matakala irin wannan Kawu ya faɗi bai ƙara tashi ba.

Gadi yake yi a wani gidan adana kayan tarihi a tsakiyar London, a ɗakin mutanen Misira na dā. Bai yi karatu mai nisa ba, amma ya daɗe a tsaye yana sauraron masu yi wa baƙi bayani har ya haddace. Ranar Asabar yakan tafi da ni. Ya nuna mini wani ƙaton sarki na dutse ya ce, “Hauwa’u, kin ga wannan? A dā in ya yi tari gari tsayawa yake cik. Yau ni Sani ɗan Gumel, ni ke hana yara shafa masa gwiwa.”

Sarakunan ba su cika burge shi ba. Talakawan yake so, masu gasa burodi, masu sassaƙa dutse, matan da har yau ga tandun kwallinsu nan a cikin gilashi. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne al’adarsu ta rubuta wa mamaci wasiƙa. A cikin kwano suke rubutawa, su zuba abinci, su kai kabari, wai in ya ci ya ƙoshi sai ya tarar da saƙon a ƙasa. Yawanci ƙorafi ne: wance ba ta da lafiya, kai kuma kana can kana kallo. “Ka mutu ma dangi ba za su bar ka ka huta ba,” in ji Kawu.

Bayan rasuwarsa likitoci suka ce ciwon zuciyar irin mai bin jini ne, kowa a dangi ya je a duba shi. Mama ta je, yayyena suka je. Ni kuwa takardar asibitin na cusa a littafin makaranta. Duk sanda Mama ta tambaya sai in ce na yi booking an yi cancel. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Wannan karon dole na je. Aka ɗebi jini, aka liƙa mini wayoyi a ƙirji, aka tura ni cikin na’urar nan mai kama da rami, hannuwana a miƙe. Ina kwance na tuna Kawu ya ce gawarwakin Misira ma ana sa su a irinta don a ga cikinsu. Ya ce masu gyaran gawa sukan cire hanta da huhu su zuba a tuluna, amma zuciya a bar ta a wurinta, domin a imaninsu ita za a ɗora a ma’auni da gashin tsuntsu guda. Na yi ta kuka har ma’aikaciyar ta roƙe ni in daina motsi.

Kwana tara na jira sakamako. A rana ta shida na sauko da kwanon silbar da yake shan kunu, wanda Mama ta adana a saman kabad a flat ɗinmu na Barking, na yi rubutu a ciki da alƙalami mai kaurin baki. Ba taimako na roƙa ba, na san mamaci shi ke bukatar addu’armu. Faɗa na yi masa. Na rubuta cewa ya san yana ciwo, ya ɓoye magani a aljihun rigar aiki, bai gaya wa kowa ba.

Mama ta same ni a kicin. “Hauwa’u, Fir’aunanci za ki kawo mini gida?”

Ta karɓa, ta sa tabarau, ta karanta. Sai ta ce, “Shi magani ya ɓoye. Ke takarda kika ɓoye, na gan ta a littafin lissafinki. An yi cancel, an yi cancel, shekara biyar. Ni wa zan rubuta wa kwano?”



Ina ta tunanin abin da Kawu zai ce da yana nan. Dariya zai fara yi, na sani, sannan ya sunkuyar da kai, domin halinsa na ɗauko kaf. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar mini mutanen da suka rasu shekaru dubbai kamar maƙwabta, masu tsoro irin nawa, masu fushi da wanda ya tafi irin nawa. Ya kuma bar mini shirunsa, wanda shi ne ba na son in riƙe. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.

Mama ta wanke kwanon da soson ƙarfe, amma in ka karkata shi ga haske kana iya ganin sunansa. Har yanzu ina dafa ƙirjina in na ga matakala.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, likitar ta juyo da allon kwamfuta ta ce ƙarancin jini ne, zuciyata lafiya lau take. Mama ta saki hannuna, sai a lokacin na ga shatin farcena a tafinta.