Akwatin Gwaggo Sueno

Gwaggo Sueno yayar mahaifina ce. Shekara arba'in da 'yan kai ta yi tana hawan gonakin lemu na tsibirinmu da kwando a baya, kuma ba don tsani ya zame da ita a shekarar 1993 ba, ina jin a can bisa tudu za ta ƙare kwanakinta. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Likita ya ce za ta taka, amma ita da hawan tudu sai dai kallo.

Wata biyu kafin faɗuwar, 'yarta Chizuru da ke aure a Osaka ta aiko mata da akwatin talabijin irin wanda ake yayi a lokacin, mai haɗe da bidiyo, da bakin zura kaset a ƙarƙashin gilashin. Genzo, mijin Gwaggo, ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya.

"Ba a haɗa gudu da susar baya," in ji shi. "Abin da ya ce zai yi aiki biyu, ko ɗaya ba zai iya ba."

Aka ɗora akwatin a kusurwar ɗaki. Labarai kawai suke kallo a ciki, ɗan agogonsa na ta ƙyafta sifili, babu wanda ya kula shi.

Da Gwaggo ta dawo daga asibiti zaman gida ya ishe ta. Tun tana shekara goma sha biyu yaƙi ya raba ta da makaranta, karatu bai dame ta ba. Amma wata rana na kai mata miya na tarar da ita zaune da littafin bayanin akwatin, da gilashin ƙara girman rubutu, tana bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Kwana uku ta yi kafin ta saita agogon.

"Tokiko, dubi," ta ce da ni. "Ya daina yi mini fari da ido."

Lokacin tsinkar lemu ya kama. Mu mata muna fita tun da sanyin safiya, wasan kwaikwayon da kowa ke bi kuwa ƙarfe takwas da kwata ake nuna shi, minti goma sha biyar kacal. Da rana akan maimaita, sai dai lokacin mun riga mun koma bakin aiki. Kowace shekara haka muke rasa tsakiyar labari. Gwaggo ta aika a faɗa mana mu sauko gidanta da tsakar rana da abincinmu, za ta naɗa mana.

Ranar farko mu shida muka zo, muka zura ƙafafu ƙarƙashin teburin ɗumi. Ta tariyo kaset, ta danna. Sai ga wani malami da farar riga yana koya wa 'yan firamare yadda ake raba tara gida uku. Lokacin daidai ta saita, tashar ce ta kuskure, ita kuwa tana waje tana shanya sa'ad da ya ɗauka.

Kikuyo, maƙwabciyarta kuma abokiyar tsokanarta tun suna 'yan mata, ta ajiye tsinken cin abincinta. "Sueno, da kin ce makaranta kika buɗe ai da mun zo da fensir."

"Ke ai ya dace ki kalla," in ji Gwaggo. "Ko kya iya ƙirga kwandunanki daidai."

Muka kalli darasin har ƙarshe muna dariya. Washegari ba ta kuskure ba, kuma daga nan ban san ta sake kuskurewa ba.

Ta karɓi jan farce wurin surukar Kikuyo, ta ɗiga a kan madannin naɗi don kada ta lalube shi cikin rashin sani. Rimot kuwa ta naɗe shi da leda, babu mai taɓa shi sai ita. Ta gano yadda ake sa kaset ɗin awa biyu ya ɗauki awa shida, ta gano madannin da ke share zanen da ke rawa a ƙasan hoto, ta gano cewa idan ka ɓalle ɗan haƙorin da ke jikin kaset babu mai iya naɗa wani abu a kansa. Abin da ta fi so shi ne tsayar da hoto. Ana tsakiyar rikici za ta daskarar da uwar mijin cikin wasan baki buɗe, ta juyo gare mu.

"To, ku faɗa mini, wa ke da gaskiya?"

Sai gardama ta ɓarke, shinkafa ta huce. Sau da yawa a guje muke komawa gona.

Akwatin yana da hali guda: in yana naɗar wata tasha, ba ya yarda ka kalli wata. Da Gwaggo ta fara naɗa mana wani shirin na yamma, sai ya faɗo daidai lokacin kokawar sumo, wadda Genzo bai taɓa bari ta wuce shi ba. Ya danna ya danna, tasha ta ƙi canzawa.

"Na faɗa miki abin nan bai da kunya. A gidana, ya hana ni kallo?"

"Baban Chizuru, minti talatin ne. Ƙattin nan ba ramewa za su yi ba."

Ya zauna yana huci, ya ba akwatin rabin baya. Mako bai cika ba aka ji shi yana tambaya ko yaron nan mai sayar da kifi na cikin shirin ya samu ya ga mahaifiyarsa.

A shekara ta uku, ana saura kwana shida wasan safe ya ƙare, akwatin ya cinye kaset. Ya ƙi fitowa, ya ƙi juyawa, hoton ma ya ɗauke. Babu mai gyara a tsibirin. Genzo ya tashi. Ya naɗe akwatin a babban ƙyalle, ya goya shi, ya gangara bakin ruwa ya shiga jirgin fito na farko zuwa birni. Yana da shekara saba'in da ɗaya a lokacin. Mai gyara ya ce sai bayan kwana goma.

Muka ɗauka shi ke nan, ƙarshen labari ya wuce mu. Amma Gwaggo ta dogara sandarta kowace safiya ta je gidan Kikuyo, ta kalla a tsohuwar talabijin ɗinsu tare da kakan gidan, da rana kuma ta ba mu labari da baki. Ta yi muryar uwar miji, ta yi ta amarya, ta yi tafiyar limamin haikali mai ɗingishi. Ranar ƙarshe da ta zo wurin rabuwa a tashar jirgin ƙasa, Kikuyo ta share ido da gefen ɗankwalinta ta ce tururin shayi ne. Daga baya na ga wannan ƙarshen a wani wuri. Bai kai nata daɗi ba.

Genzo ya rasu a 2002. Matan da muke zama da su suka yi ta raguwa, wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu 'ya'yansu suka ɗauke su zuwa birni. Gonaki da yawa ciyawa ta cinye. A 2011 aka sauya tsarin watsa shirye-shirye, akwatin ya daina kama kowace tasha. Chizuru ta kawo mata sabuwar talabijin, faffaɗa, siririya kamar faranti. Gwaggo ta yi godiya, ta sa aka ajiye ta a ɗakin baƙi.

Tsofaffin kaset ɗinta ta ci gaba da kallo, sun fi ɗari biyu, kowanne da rubutun hannunta mai karkata. Ba ta ƙara tsallake talla ba. Takan ce a nan take ganin sabulun da aka daina yi da motocin da aka daina hawa.

Zuwana na ƙarshe kafin a kwantar da ita asibiti, rana ce tarwai. Muna kallon wani kaset na 1996, shiri ya ƙare, sai mai hasashen yanayi ya fito da faffaɗan kwat ɗinsa ya ce za a yi ruwa da yamma.

"Tokiko, tashi ki kwashe shanya."

"Gwaggo, ruwan nan ai ya yi shekara goma sha takwas da ɗaukewa."

"Na sani," in ji ta. "Kwashe dai. Mutumin nan bai cika ƙarya ba."

Na fita na kwashe. Kayan ma sun riga sun bushe.